Goggo Etelka, Mai Ɗaura wa Kadarka Aure

Kafin ƙararrawar coci ta kira masu ibadar safe, Goggo Etelka ta riga ta kama hanyar tudun da ke bayan garinmu Bodzas. Tura kekenta take yi a hawa, tana dogara shi kamar sanda, don tudun ya daɗe da fin ƙarfin gwiwarta. Sai a dawowa take hawansa ta gangaro, ɗankwali na kaɗawa, karnukan unguwa suna raka ta da haushin sabo. A kwandon keken ba ka rasa burodi da cuku da albasa, da zaren ɗauri, da ɗan gwangwanin kakin zuma, da wuƙar nan tata da wasawa ta cinye rabinta.

In ta isa, ba ta fara aiki sai ta zaga. Ta bi kurangar inabi ɗaya bayan ɗaya, ta ɗaga ganye ta duba bayansa, ta murza ƙasa a tafin hannu. Kowace kuranga da sunan gidan da ta fito take kiranta. Wannan ta gidan Fadan coci ce, waccan ta bakin maƙabarta, ga ta kakar ƙawarta Piroska can gefe tana fushi da kowa. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka maƙwabta take gulma da su.

A Bodzas ana cewa aure iri biyu ne, wanda Fada ke ɗaurawa a coci da wanda Etelka ke ɗaurawa a gona, kuma nata ya fi ƙarko. Sana'arta ke nan tun tana budurwa. Ta tsaga gindin kuranga mai jure ƙwarin ƙasa, ta feƙe reshen inabin Kadarka ta cusa a ciki, ta ɗaure, ta shafe da kaki. In auren ya kama, sai su zama itace ɗaya har mutuwa. Bana, da ta haura saba'in da nisa, ta ce ta ajiye. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da ta yi tun tana raye tana ji, ko da za ta yi tsaki, kuma na san za ta yi.

Kadarka dai kowa ya san halinta. Jan inabi ne mai laushin fata, ga nawar nuna, ga rashin son ruwa. Shekarar da ta so ka, ba ka da abin faɗa sai godiya. Shekarar da ta juya maka baya, a gabanka za ta ruɓe kana kallo. Kakanninmu sun jure mata, suna durƙusawa suna yi mata hidima da fartanya, don gajeruwa ce, a ƙasa take zamanta.

Zamanin da aka haɗe gonakin gari aka mai da su gandun haɗin gwiwa, umarni ya zo daga sama a tumɓuke ta, a dasa wasu iri a dogayen layuka masu faɗi. Etelka tana aiki a wurin renon dashe a lokacin, ba ta daɗe da auren Kalman mai gyaran ganga ba. Ta sami malamin gonar gandun, wani dogon mutum mai suna Benedek, a bakin rumfar taraktoci.

"Kwamared Benedek, da gaske ne abin da nake ji?"

"Da gaske ne, Etelka."

"To kakanninmu da suka dasa ta, mahaukata ne?"

"Kakanninmu 'ya'ya goma-goma suka haifa masu riƙe fartanya. Mu tarakta muke da ita, ita kuwa tarakta ba ta iya durƙuso ba. Bara rabin Kadarkar nan ruɓewa ya yi, ke ma kin gani."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani. Ta tsaya ba ta tafi ba, shi ma bai kore ta ba. Can ya gyara hularsa, yana kallon wani wuri daban, ya ce, "Katafila ba za ta iso ba sai makon gobe. Itacen da za a cinna wa wuta, wa zai tambayi inda rassansa suka tafi?"

Cikin hunturu ne, ƙanƙara ta rufe ƙasa. Ita da Kalman suka bi tudu-tudu da amalanke suna yankan rassa. Abin da ta yi a nan shi ne tushen komai: ba ta gauraya su ba. Na kowane tudu, na kowace tsohuwar gona, dami daban ta ɗaure shi da tsumma mai launi daban, har tsohuwar rigar Kalman sai da ta shiga yanka. Ya ce mata, "Ba duk Kadarka ba ce?" Ta ce, "Kai da ƙanenka ma ai uwarku ɗaya." Suka binne dammunan cikin jiƙaƙƙen yashi a kogon ajiyarsu da ke jikin tudu.

Da ƙanƙara ta narke ta ɗaura musu aure, sannan ta shiga bin gida-gida tana roƙon wuri, domin kowane gida an bar masa ɗan fili a bayan ɗaki. Wasu sun karɓa don kunya. Uwar ƙawarta Piroska da tsintsiya ta raka ta, wai ba za a cinye mata wurin dankali ba, sai Piroska ta dasa a bayan kejin kaji inda tsohuwar ba ta zuwa. Fadan wancan lokaci ya ba ta jikin katangar maƙabarta, ya ce mazauna wurin ba su cika ƙorafi ba. Haka Kadarka ta zauna a ɓoye cikin garinmu shekara da shekaru, Etelka tana zagaya ta kamar ungozoma mai duba masu jego, ba wanda ya sa ta, ba wanda ya gode mata.

Ke ce kika tsaya lokacin da tsayuwar ba ta da farin jini, Goggo. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an sami wanda ya adana ta.

Da gandun ya watse aka mayar wa mutane gonakinsu, sai ga masu neman reshe suna layi a ƙofarta. Wani maƙwabcinta Vilmos, wanda ta goya yana jariri, ya ware mata gefen tudunsa, ta tattaro kowane iri ta dasa wuri ɗaya. Ita ce gonar da muke kira gonar uwa, can take zuwa kullum safe. Kadarka ta sake bazuwa a tuddanmu, har mutanen birnin Szekszard suka fara aiko da motoci suna saye.

Ana cikin haka Kalman ya rasu. Hunturun da ya biyo baya keke ya zame da ita a kan ƙanƙara, ta bugu a ƙeya. Ta warke, ta koma aiki, sai dai hancinta bai dawo ba. Ƙamshi da wari duk suka zama ɗaya a wurinta, abinci ya koma gishiri da tsami kawai. Piroska kaɗai ta gaya wa. In an miƙo mata kofin giyar inabi a taro, kamar yadda aka saba fara ba ta, sai ta kai hanci, ta gyaɗa kai, ta miƙa wa na kusa.

Sai shekarar ruwan nan ta zo, wadda har yau in an ambace ta manoma ke yin shiru. Tun daga Mayu sama ta ɓalle, ba ta ɗinke ba har kaka. Fumfuna ta kama inabi, nonon Kadarka ya riƙa zubewa a hannu kamar ruɓaɓɓen tumatir, ko'ina ƙudaje. Wasu ba su ma kai kwando gona ba. Waɗanda suka ga Etelka a makonnin nan sun ce kullum tana cikin ruwa, sanye da buhun roba, riƙe da bokitin farar ƙasa. Gona-gona take bi, tata da ta mutane. Duk kurangar da ta tarar 'ya'yanta ba su ruɓe ba sai ta shafa mata fari a gindi. Mutane suka ce baƙin ciki ya taɓa tsohuwa.

Bayan kaka magana ta fito fili. Vilmos da Gergely, mai gonar yashi ta wajen kogi, sun yi magana da mai katafila. Za su cire Kadarka su dasa irin Faransa mai kaurin fata. Tudun Vilmos duka za a share, har da gonar uwa. In su biyun suka fara, sauran gari bi za su yi.

Etelka ba ta je ta yi kuka a ƙofar kowa ba. Ta sayi kifin kogi, ta aika wa kowa cewa ranar Lahadi bayan coci akwai farfesu a ɗakin matsar inabi na Vilmos, kuma kowa ya zo da kwalba ɗaya ta giyar Kadarkar gonarsa daga shekarun baya. Ba a ƙin farfesun Etelka a garin nan. Ni ma ina cikin waɗanda suka zauna a bencin ranar.

Gergely tun daga ƙofa ya fara. "Goggo, in wa'azi ne, na riga na sha ɗaya da safe."

"Zauna ka ci kifi, bakinka ya sami aikin yi."

Tukunya na tafasa, ja wur da garin tattasai. Aka buɗe kwalbar Piroska, aka zuba, aka miƙa wa Etelka kofin farko. Ta riƙe shi, ta dube mu, ta ajiye a gaban Vilmos.

"Yau ba zan yi muku ƙarya ba. Tun faɗuwar nan da na yi hancina ya mutu. Wannan da ruwan rijiya duk ɗaya ne a wurina, sai ɗan tsami. Ina so in san abin da na yi wa bauta. Ku masu hanci, ku gaya mini."

Vilmos ya sunkuyar da kai, ya ɗauki kofin ya ɗaga shi wajen taga.

"Launinsa ba nauyi, Goggo, ana hango yatsa ta cikinsa." Ya shinshina, ya kurɓa. "Ceri ne mai tsami, irin wanda muke sata a bishiyarki kafin ya nuna. Can ƙarshe kuma akwai ɗan yaji-yaji."

"Siriri mai kaifin baki," in ji Gergely. "Ya ɗauko mai shi."

Piroska ta ce, "Ni dai tuduna iska ke busa shi. Kai kuwa kanka ne iska ke busawa."

Aka yi dariya, aka buɗe ta Vilmos, ta jar laka. Etelka ta tura wa Piroska.

"Wannan kam ya ci abinci ya ƙoshi," in ji Piroska. "Dubi duhunsa. Ga bauri yana kama dasashi, ga masoro, ga kanumfari. Ya zauna a harshe kamar baƙon da aka yi wa sallama ya ƙi tashi. Wannan na nama ne, ba na kifi ba."

Fada, wanda yake sabon zuwa a lokacin, ya fito da 'yar kwalbarsa ta bakin maƙabarta, wadda ake barin 'ya'yan a jikin kuranga har su yanƙwane. Aka ce zuma da zabibi, aka ce da ɗan hayaƙi. Wani ya ce ashe na kwance suna aiko da saƙo mai daɗi, Fada ya yi kamar bai ji ba.

Saura ta Gergely. Ita ce mai launin yanyawa, ja-ja fari-fari, wadda ba a barinta ta daɗe da ɓawonta. Etelka ta zuba da kanta ta ajiye a gabansa.

"Na san ɗanɗanon kayana," in ji shi.

"Ni ce ban sani ba. Faɗa mini."

Ya ja tsaki, ya kai hanci. Ya daɗe a haka. "Furen wardi," ya ce, "bayan an yi yayyafi." Ya kurɓa. "Sanyi gare shi, ba ya nauyi. Babana a rijiya yake zura shi da igiya ranar yankan ciyawa, in rana ta take ya jawo." Ya ajiye kofin, ba wanda ya tsokane shi.

Sai Etelka ta miƙe, ta dafa tebur.

"Kun ji da bakinku. Uwa ɗaya ta haife su, kowanne da halinsa. Ku nuna mini wani inabin da zai faɗi sunan tudun kowa a cikin kofi haka."

Vilmos ya ce, "Goggo, ba wanda ya ce ba daɗi. Amma ƙamshi ba ya ciyar da gida. Bana ko ganga ɗaya ban cika ba. In baɗi ta zo da irin wannan ruwa, me zan ce wa iyalina?"

"Ba zan ce ka yi haƙuri ba, haƙuri ba ya shiga tukunya. Ka ga farar ƙasar da na shafa?"

"Na gani."

"Waɗannan su ne suka tsaya cikin ruwa. 'Ya'yansu ba su cunkushe ba, iska na ratsa su. Ku bar ni in ɗauki rassansu in ɗaura a kan gindin da kuke da shi a kwari, inda ruwa ke kwanciya. Ba sai an tumɓuke komai ba. Masu laushin kuma a bar su can sama inda iska take."

"To ai shi ke nan," in ji Vilmos. "A bar masu farin gindi, a cire sauran. Gonar uwa ma ta ragu."

"Ko ɗaya ba za a cire ba. Mai jure ruwa ba ita ce mai wardin nan ba. Kuma ranar da fari ya zo, ka san wadda za ta tsaya? Ni ban sani ba. Wanda ya rage 'ya'yansa saura ɗaya, kullum a tsorace yake kwana."

"In bai kama ba fa?"

"In bai kama ba, ni zan yi wa mai katafila jagora, in nuna masa inda zai fara."

Vilmos ya share fuska da tafin hannu, ya ce, "Tun ina goye kike juya ni." Ya miƙa kwanonsa a ƙara masa romo. Da haka muka gane gonar uwa ta tsira.

Ba kowa ta ciwo ba. Gergely ya ce gonarsa tana ƙasa da kowa, ba zai sake caca da ruwa ba, kuma ya cire tasa. Ranar da za a yi aikin Etelka ta doshi gidansa da almakashi don ta roƙi rassa. Ta tarar ya riga ya yanka da kansa, ya ɗaure dami, ya jingine a bakin ƙofa. Ya ce, "Ki kai su can sama, Goggo, kada a ce ni na kashe su." Daga baya ita ce ta taya shi dasa irin Faransan nasa, kuma ya yi masa kyau, ba ta taɓa yi masa gori ba.

Da watan Maris ya kama aiki ya tashi. Ta ga hannu ɗaya ba zai ɗauki jinkar ba, sai ta tara matan gari da mazansu, manya masu furfura, ta zaunar da su a ƙasa tana koya musu feƙe reshe kamar 'yan makaranta. Piroska ta yanke yatsa ta zagi Etelka tas, washegari ta dawo da yatsan a naɗe. Ita Etelka a durƙushe ta ƙare bazarar, cikin laka mai sanyi, daga wannan gindi ta ja gwiwa zuwa wancan. Ba duka auren ne ya kama ba, wasu sai da ta maimaita shekara ta zagayo. A nan ne yatsunta suka fara lanƙwashewa, ba su sake miƙewa ba. Amma da wata shekarar ruwa ta sake zuwa, mun yi asara irin wadda ake iya ɗauka, kowa ya shigar da abin da ya shigar, ba wanda ya ambaci katafila.

Ke ce mai shuka abin da ba za ki shinshina ba. Kin san ƙamshin nan ya wuce ki har abada, kika durƙusa masa don hancin wasu. Irinki ba sa shiga jarida, sunansu ba ya hawa jikin kwalba, amma duk kwalbar da ta fita daga Bodzas da hannunki a ciki.

Bana wuƙa ta kuɓuce mata ta ɓata reshe mai kyau. Ta dube shi, ta dubi hannunta, ta ce ya isa, ba za ta zauna tana kashe abin da ta raya ba. Ranar bikin gama kaka muka haɗu muka ba ta kujera mai laushi, irin mai wurin miƙe ƙafa. Ta zauna a kai don kada mu ji kunya, ta ce tana da daɗi. Yanzu kyanwarta ce ke kwana a ciki.

Mun gode, Goggo Etelka. Mun gode da sanyin da kika sha, da ƙofofin da aka rufe miki kika sake ƙwanƙwasawa, da gaskiyar da kika faɗa a gaban tukunyar kifi ranar da ɓoyewa ta fi sauƙi. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta wa yatsun nan.

Ku kuma masu karatu, kowane gari yana da abin da ake shirin tumɓukewa don ya cika wahala, kuma yana da tsohuwa ko tsoho da ya san yadda ake riƙe shi. Kada ku jira sai an kai su maƙabarta ku fara yabo. Ku je ku durƙusa kusa da su tun hannunsu na iya nuni. Ita dai Goggo ta ce in gaya muku hannu ne ya ajiye aiki, baki bai ajiye ba. Duk mai son koyo ya same ta a gonar uwa ranar Asabar da safe, kuma kada ya zo mata da takalmin zuwa coci.